Memori fom ko soso mai nauyi: wacce za a saya wa Hajiya?

'Yar'uwa, kin ce Hajiyarku na fama da ciwon baya, kuɗin hannunki ba su da yawa, kuma wani mai shago ya nuna miki katifar memori fom mai sauƙin kuɗi da wata ta soso mai tauri da ake ce wa otofedik. Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da alheri. Ga yadda nake ganin su biyun.

Memori fom soso ne da ke laushi idan ya ji ɗumin jiki, ya bi siffar mai kwanciya. A 1966 aka fara haɗa shi a ƙarƙashin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, saboda kujerun jirgin sama. Abin da masu shago ba su cika faɗa ba shi ne, katifar ba duka ce memori ba. Inci 2 zuwa 4 ne kawai a sama, sauran kuwa soso ne na yau da kullum. Wannan na ƙasan shi ne ke ɗauke da mutum. Idan marar nauyi ne, tsakiyar katifa za ta yi rami komai kyan na saman, kuma nan ne ake rage kuɗi a masu araha. Ita kuwa ta soso mai nauyi, abu ɗaya ce daga sama har ƙasa, ba a ɓoye miki komai ba.

Wajen daɗin kwanciya memori ta fi, musamman ga mai kwanciya ta gefe, domin kafaɗa da ƙugu suna nutsewa ba sa jin dannewa. Amma ki yi tunanin dattijuwa da za ta tashi sallar asuba. Jikinta ya nutse, sosan bai yi saurin dawowa ba, sai ta dafa ta yunƙura kafin ta juya. A kan mai tauri kuwa za ta zauna a baki, ta sauke ƙafa, ta miƙe. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne ga mai ciwon baya ko gwiwa.

Sai zafi, kuma nan ne na fi damuwa. Memori yana riƙe ɗumi, ga shi yana rungume jiki iska ba ta ratsawa. Kin san daren Kaduna a Maris da Afirilu idan aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Mutum zai farka bayansa sharkaf da gumi. Da hunturu kuma sai ya ƙara tauri, sai an ɗan jima a kai ya saki. Sosan yau da kullum ba ya canza hali haka tsakanin bazara da sanyi.

Kada kuma a ce tauri shi ne magani. Wani bincike da aka yi a Sifen, aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2003, ya nuna masu daɗaɗɗen ciwon baya sun fi samun sauƙi a katifa mai matsakaicin tauri fiye da mai tauri ƙwarai. Don haka wadda za ki danna ki ji kamar daɓe, ki bar ta.

Ta fuskar kulawa, ta soso ana kifa ta a kwanta a ɗaya fuskar, ta memori kuwa fuska ɗaya gare ta, sai dai a mayar da kai wajen ƙafa. Ruwa ma ba ya fita da sauri idan ya shige ta, to idan jikoki na kwana a ɗakin a sa mata shimfiɗar leda a ƙarƙashin zanen gado.

Da ni ce, da kuɗin da kika kwatanta, zan sayi ta soso mai nauyi mai matsakaicin tauri. Idan Hajiya ta ce ƙugunta na jin tauri, daga baya a sayi siririyar shimfiɗar memori mai inci 2 ko 3 a ɗora. Zafi ya zo a naɗe ta, ya wuce a mayar. Memori ta kirki tana da tsada, mai arahar kuma ita ce nake jiye miki.

Idan kin je saye, ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko a shagunan titin Ahmadu Bello, ki ɗaga katifar da kanki. Sosan ƙasa mai kyau yana kaiwa wajen kilo 30 a kowace mita mai fuska shida daidai, wato tsawo da faɗi da zurfi duk mita ɗaya. Ke nan katifa mai ƙafa 6 da 6, kauri inci 10, za ta kai kusan kilo 25, rabin buhun siminti. Wadda kika ɗaga da hannu ɗaya ba ta kai ba. Idan an ce memori ce, ki danna tafin hannunki sosai ki ɗauke: shatin yatsunki biyar zai tsaya na 'yan daƙiƙu yana cikowa a hankali. In ya dawo nan take, soso ne kawai aka yi wa riga mai kyau. Ki sa a zuge zif ki ga cikin.

Ki nemi dilan kamfani na gaskiya. Mouka na da masana'anta a nan Kaduna, Vitafoam na da su a Kano da Jos, saboda haka samun na asali ba wuya ba ne. Ki tambayi farashi a shago biyu, ki karɓi rasit da katin garanti, a rubuta sunan samfurin da girmansa. In da hali ki tafi da Hajiya ta kwanta a kai minti 10, ta juya, ta tashi da kanta kafin ki biya.