Famfon fitar da iskar birki: abin da ya yi mini da inda ya gaza

Wata huɗu ke nan da ƙanina ya aiko mini da wannan ɗan famfon daga Ƙofar Ruwa a Kano, kuma sai yanzu na ga na isa in ce wani abu a kansa, domin na yi aiki da shi sau uku, biyu a motata, ɗaya a ta maƙwabcina. Ba wani babban abu ba ne. Famfo ne na hannu mai kama da bindigar wasan yara, da agogo a kansa mai nuna ƙarfin zuƙa, da 'yar kwalba, da tiyo biyu da ake ganin cikinsu, sai kawunan roba da ake cusawa a bakin notin iska, wato ɗan notin da ke jikin birkin kowace ƙafa wanda ake kwancewa iska ta fita. Aikinsa shi ne ya zuƙo man birki daga ƙafar mota tare da iskar da ta maƙale, ba sai ka zaunar da wani a kujerar direba kana ihun "danne, riƙe, saki" ba.

Motata tsohuwar Corolla ce, birkin gaba na fad ne (masu matse faifan taya), na baya na duram (ƙwaryar ƙarfe da ke juyawa da taya), da ita nake kai riɗi da zoɓo Maigatari ran Alhamis. Wata ranar kasuwa muna dawowa da yamma jaki ya faɗo titi, na taka birki, ƙafata ta kusa kaiwa ƙasa mota ba ta ko girgiza ba. Sai da na sake takawa sau biyu da sauri sannan ta kama. Allah Ya kiyaye, jakin ma bai san an yi ba. Daga ƙauyenmu zuwa Gumel inda bakanikena yake akwai 'yar tafiya, ni kuwa ban ga dalilin ɗaukar mota mara birki in hau kwalta da ita neman gyaran birki ba.

Takardar da ta zo da famfon ba ta ce komai ba game da yadda ake gane ciwon, don haka na kira bakaniken a waya. Ya ce, "Alhaji, tada mota, ka bar ta a tsaye, ka taka." In ka taka sau uku ko huɗu a jere birkin ya taso ya yi tauri, bayan ɗan lokaci ya koma laɓo-laɓo, yawanci iska ce, ko kuma lainin baya, wato abin da ke goga duram daga ciki, ya yi nisa da shi. Dalili kuwa, mai ba ya matsuwa, iska tana matsuwa, ƙarfin ƙafarka sai ya ƙare wajen matse kumfa bai isa taya ba. In kuma ka danne ka riƙe, ka ji yana nutsewa a hankali, ga mai bai ragu a tankinsa ba, to robobin masta (silindar da ke tura mai zuwa tayoyi in ka taka birki) ne suka gaji, kuma babu famfon da zai yi maganin wannan. Ya kuma gargaɗe ni kada in gwada da mota a kashe, domin a kashe ko birkin lafiyayye ne ko mara lafiya zai yi tauri bayan 'yan takawa, saboda busta, wadda ke ƙara wa takun ƙafarka ƙarfi in inji na aiki, ta daina taimakawa. Tawa ta nuna alamar farko. Na duba tankin mai, ya sauka ƙasa da layin MIN, wato iyakar ƙarancin mai. A nan ne ya kamata in tsaya in tambayi kaina ina man ya tafi. Ban tsaya ba, ɗokin sabon kaya ya ja ni.

Washegari da hantsi na ja motar ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, na tokare tayoyi da duwatsu, na sa faffaɗan katako ƙarƙashin jak don ƙasarmu rairayi ce, na ƙara da kututture a ƙarƙashin mota, don ba na sa kaina inda jak kaɗai ke riƙe da shi. Ana farawa daga ƙafar da ta fi nisa da masta: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Ka sa sifana ta takwas a notin, ka cusa tiyo, ka matsa famfo har allurar agogon ta tashi, sannan ka ɗan kwance notin kaɗan. Man da ya fara fitowa baƙi ne kamar shayin da ya kwana a buta. Gaskiya a nan abin ya burge ni. Ni kaɗai, ba hayaniya, ina kallon dattin yana bin tiyo yana sauka kwalba.

Sai dai kumfa ta ƙi ƙarewa. Na zuƙa, na zubar, na ƙara mai a tanki, na sake zuƙa, ƙananan kumfa na ta jerowa kamar carbi. Gwangwani guda na sabon mai ya tafi a ƙafa ɗaya. Har uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, wai gyara kake ko wanka kake yi wa motar?" Daga baya na gane ba daga cikin layin birki kumfar take ba. Da zarar ka kwance notin, famfon yana jawo iskar waje ta gefen zarensa, sai ka ga kamar har yanzu da saura. Na shafa ɗan giris kewaye da gindin notin, daga waje kawai, nan take man ya fara zuwa a tace. Wannan shi ne babban aibin kayan, kuma da mai sayarwa ya faɗi kalma ɗaya da na tsira da gwangwanina. Ƙananan aibobin: kwalbar ta yi ƙanƙanta, in ka sha'afa ta cika mai ya shige cikin famfon, kuma kawunan robar suna suɓucewa in hannunka ya yi maiƙo.

Birki ya dawo, na yi murna. Kwana tara ya yi.

Da ya sake laushi ban taɓa famfon ba, na cire duram na baya. Na dama a bushe, ƙura ce kawai. Na hagu kuwa ƙurar ta zama baƙin kwaɓi mai danƙo, na ɗaga robar da ke gefen fot, 'yar silindar da ke tura lainin, da ɗan yatsa sai ga mai ya ɗigo. Ta nan man yake zurarewa, da tanki ya yi ƙasa masta ta shaƙi iska. Lainin ya jiƙe sharkaf, kuma lainin da ya sha mai ba ya wankuwa, canzawa ake yi, ɓangare biyun tare don kada mota ta riƙa fizga gefe guda. Na aika aka sayo fot da lainin a Gumel, na ɗaura, na sake fitar da iska. Wannan karon aikin bai kai awa ɗaya ba.

Kan mai, abin da aka rubuta a murfin tanki shi za ka zuba. Man birki aji-aji ne: nawa DOT 3 ne, DOT 4 ma yana shiga. DOT 5 kuwa wani jinsi ne dabam, ba a gauraya shi da su. Man nan yana shan danshin iska: sabon DOT 3 sai zafi ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya sauka wajen 140, kuma in ya tafasa tururi ne a layi, birki ya tafi. Shi ya sa gwangwanin da aka buɗe tun bara ba abin zubawa ba ne. Yana kuma cin fenti, ka ajiye ruwa kusa. Motar maƙwabcina da na taimaka masa, abin da muka zuƙo ruwan omo ne da wani yaron mota ya ɗura masa a hanya don su ƙarasa gida, shi kuma ya manta da shi wata biyu. Notin baya ɗaya ya yi tsatsa har ya ƙi motsi, dole ya kai gareji.

Zan sake saye in wannan ya lalace? Zan saya, ga wanda ke nesa da gari ya biya kuɗinsa. Amma mai sabuwar mota mai ABS, na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki da ƙarfi, ya sani, wasunsu in iska ta shiga akwatin ABS ɗin sai da kwamfuta ake fitar da ita. Kuma ko a tawa, bayan na gama da famfon na ji birkin da ɗan saura, sai na kira babban ɗana ya zauna a kujera. "Danne. Riƙe." "Na riƙe, Baba." Sau biyu-biyu a kowace ƙafa, sai ga shi ya tsaya cak a sama. Na kai ta filin ƙwallon bayan firamare na gwada a giya ɗaya, sannan a biyu, kafin na yarda na ɗora mata buhu. Yanzu duk ran Laraba da yamma sai na buɗe bonet na leƙa tankin nan, mako na goma sha ɗaya ke nan man yana nan a layin MAX.