Gamba ko sitailo: wanne za a shuka wa shanu?

Ɗan'uwa, ka ce ka killace fili, kana tambaya ko gamba za ka shuka ko sitailo (wata shukar kiwo dangin wake), don bijimanka su riƙe jiki da rani. Ga yadda nake ganin su biyun.

Gamba tamu ce, ita muke saƙa zana da ita. Tana jure fari, tana yi a ƙasa marar ƙarfi, kuma da ruwan farko take tofowa. Wajen yawa, sitailo bai kama ƙafarta ba. Har ƙetare an san darajarta: irin da aka ɗauka daga Shika, kusa da Zariya, cibiyar binciken noma ta CIAT da ke Kolombiya ta gwada shi, aka fitar wa masu kiwo a Kolombiya da Barazil a 1980. Sai dai da zarar ta yi kara ta fitar da kai, amfaninta ya ragu. Da rani furotin ɗinta kan sauka ƙasa da kashi 4 cikin ɗari, alhali tumbin saniya na buƙatar wajen kashi 7 kafin ya narkar da abinci yadda ya kamata. Shi ya sa za ka ga sa ya cika ciki da ita, haƙarƙari kuwa a waje.

Sitailo dangin wake da gyaɗa ne. Ɗanyensa kan wuce kashi 12 na furotin, ko ya bushe ya fi busasshiyar gamba nesa ba kusa ba, kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, har masarar da ta biyo bayansa ta amfana. A shekarun 1980 masu bincike na ILCA, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Afirka, sun gwada shi da Fulani a kudancin Kaduna: a killace wajen hekta 4, a shuka irin sitailo da ake kira Verano, da rani a saki shanu 15 zuwa 20 ciki awa biyu ko uku a yini. Ka lura, ƙari ne a kan kiwon daji, ba a bar su su wuni ciki.

Amma yana da wahala. Irinsa na da taurin ɓawo, sai an jiƙa a ruwan zafi. Yana son takin sufa. A farkon damina ciyawa kan danne shi, dole a sa shanu su rage ta. Gara na cin busasshensa, gobara ɗaya kuma ta gama da aikin shekara.

Ni dai sitailo zan shuka, tunda rani ne damuwarka, kuma kara da busasshiyar ciyawa ba su yanke ba a wajenmu, furotin ne ke yankewa. In kana son gamba, ba ta gefen fili, ka yanke ta kafin ta fitar da kai, ka shanya ka adana. Kafin hunturu ya shigo kuma, ka share hanyar tare wuta kewaye da shingen.