Ƙirƙirarriyar basira da takardun neman aiki: abin da na gani a shagona na Tahoua

Sana'ata buga takardu ce. Ina da ɗan shago a Tahoua, cikin Nijar, kwamfuta biyu da injin hoto, kuma rabin masu shigowa wurina neman aiki ne ya kawo su: ɗaliban da suka gama Jami'ar Djibo Hamani, masu BEPC da BAC, waɗanda suka kammala bautar ƙasa, da 'yan ci-rani da suka dawo daga Abijan ko Libiya. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 manhajojin ƙirƙirarriyar basira irinsa, masu yi wa mutum rubutu, suka yi yawa. Na ɗauki guda daga cikinsu, ta kyauta, na sa ta cikin aikina na CV, wato takardar tarihin karatu da aikin mutum, da wasiƙar neman aiki da sanarwar ɗaukar ma'aikata. Wadda ake biya tana kai kusan dalar Amurka 20 a wata, sama da jika goma ke nan, kuma sai da katin banki. Ban ga buƙatarta ba.

Inda ta fi burge ni shi ne Faransanci. Duk da cewa dokar 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, dosiye har yanzu da Faransanci ake haɗa shi, kuma kuskuren nahawu guda a layin farko yana iya sa a ture takardar mutum gefe. Manhajar tana gyara wannan cikin ƙiftawar ido. Tana jera ayyuka daga na baya-bayan nan zuwa na farko, tana taƙaita shafi uku su koma ɗaya ba tare da an rasa abin kirki ba. A nan ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Matsalar tana farawa ne idan ka ba ta bayani kaɗan. Ba ta iya barin gurbi, sai ta cike shi da abin da ya yi kama da gaskiya, domin haka aka gina ta: tana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya ne, ba ta san mutumin da ke zaune gabana ba. Wani saurayi ya zo, ya yi shekaru yana aiki da wani ɗan kasuwar albasa a Galmi. Da na rubuta mata haka a taƙaice, sai ta naɗa shi shugaban sashen jigilar kaya, har ta ƙara cewa ya rage asarar kamfani da kaso kaza cikin ɗari. Na karanta masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, in suka tambaye ni wannan, me zan ce musu?" Na ce, "Ƙanena, shi ya sa ba za mu bar shi ba. Faɗa mini abin da kake yi daga safe zuwa dare."

Ashe shi ke ƙirga buhuna lokacin lodi, shi ke riƙe littafin bashin manoma, shi ke biyan 'yan dako, shi ke waya da direbobi har mota ta isa Kwatano. Ya iya Hausa da Zabarmanci da Faransancin kasuwa. Wannan duka aiki ne na amana, irin wanda mai neman ma'ajin sito yake so, amma shi bai taɓa ɗaukarsa abin rubutawa ba. Da na zuba mata waɗannan, na kuma gargaɗe ta kada ta ƙara ko harafi, sai ta fitar da takarda mai kyau wadda kowane layi nata zai iya tsayawa ya kare shi. Tun daga nan nake fara umartar ta da ta yi wa mutum tambayoyi tukuna, ni kuma in fassara masa. Tambayoyin nata sun fi rubutunta amfani, musamman ga 'yan ci-rani da ke jin kunyar shekarun da suka yi a waje, alhali a can suka koyi gini ko walda ko tsaron shago.

Akwai kuma al'adar ƙasa da ba ta sani ba sai an gaya mata. Ta so ta cire hoto da ranar haihuwa, domin a Amurka ba a sa su. A nan kuwa masu ɗaukar aiki da yawa suna sa ran ganinsu. Amma ga manyan ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da ake tura wa takarda ta intanet, shawararta daidai ce: a bar ado da launuka, a yi amfani da kalmomin da ke cikin sanarwar, saboda sau da yawa na'ura ce ke fara tacewa kafin idon mutum ya gani.

Hausarta tana nan dai, ta fi karkata ga ta Kano, kuma wani lokaci jimlar takan fito a sandare. Don haka da Faransanci nake magana da ita.

Ɓangaren sanarwar aiki ya fi ba ni mamaki. Wata hajiya mai makarantar kuɗi ta kawo mini rubutu layi biyu, wai ana neman malami mai ƙwazo da haƙuri. Manhajar ta tambaya: wane aji, wane darasi, awa nawa a mako, wace takardar shaida, ina za a kai dosiye, yaushe za a rufe karɓa, nawa ne albashi? Hajiya ta ɗan ja baya a kan albashin. Na ce, "Hajiya, yaran nan sai sun biya kuɗin takardar shaidar kotu da ta zama ɗan ƙasa da hatimin kwafi kafin su kawo miki. In kuɗin bai yi musu ba, gara su sani tun yanzu." Ta yarda aka rubuta. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, don na sha ganin matashi ya ci bashi ya haɗa dosiye saboda aikin da ko kuɗin kabu-kabu ba zai fitar masa ba.

Abu biyu ke damuna har yanzu. Wasiƙun da take rubutawa suna kama da juna kamar ɗinkin tela guda, kuma wanda ke karanta ɗaruruwa zai gane. Shi ya sa sakin layi na farko nake sa mai takarda ya faɗa da bakinsa, ita gyara kawai za ta yi. Na biyu, sirrin mutane: ba na sa mata cikakken suna, lambar waya ko lambar katin shaida. Waɗannan ni nake ƙarawa da hannuna bayan na sauke rubutun cikin kwamfutata.

Zan ci gaba da aiki da ita, kuma ina ba abokan sana'a a Konni da Madawa shawarar su gwada. Mai neman aiki da ke da waya shi ma zai iya da kansa, da sharaɗin ya karanta kowane layi da ƙarfi kafin ya buga, ya goge duk wanda ba zai iya bayaninsa a gaban masu tantancewa ba.