Yanka kalmomin sirri da hannu ko rabon Shamir: amsa ga ɗan'uwanmu na Gadarif

Ɗan'uwanmu da ke Gadarif a ƙasar Sudan ya ce kalmomin sirri 12 na walat ɗinsa na kirifto, wato kalmomin da ake buɗe ma'ajiyar kuɗinsa na intanet da su, suna rubuce a takarda guda. Ita ya ɗinke a cikin riga ya fito da ita daga Umdurman bayan yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, da ita kuma ya sake gudu daga Wad Madani a Disamban shekarar. Yanzu yana so ya damƙa ta amana ga mutum uku, yadda ko biyu daga cikinsu suka haɗu za a iya dawo da kuɗin. Tambayarsa: ya rarraba kalmomin da kansa, ko ya bi tsarin Shamir?

Malam, Allah Ya ƙara tsarewa. Na zauna da tambayar nan sosai, domin na san abin da ke cikin walat ɗin shi ne cefanen iyali da kuɗin magani.

Rabon hannu shi ne wanda kowa ke fara tunani. Kati uku: na farko ya ɗauki kalma ta 1 zuwa ta 8, na biyu ta 5 zuwa ta 12, na uku ta 1 zuwa ta 4 da ta 9 zuwa ta 12. Duk biyun da ka haɗa, kalmomi sun cika. Biro da takarda kawai yake buƙata, ba wuta, ba na'ura, ba intanet. Wanda ya ga yadda layukan waya suka ɗauke a ƙasar nan cikin Fabrairun 2024 ba zai raina wannan sauƙi ba.

Matsalar ita ce kowane mai riƙo yana da kalma 8 cikin 12 a aljihunsa. Kalmomin nan kuwa ba daga ko'ina ake tsinto su ba, jeri ne na kalma 2048 da kowa zai iya dubawa. Huɗun da suka rage suna iya haɗuwa ta hanya sama da tiriliyan 17, amma lissafin tantancewa da ke cikin tsarin yana rage su zuwa tiriliyan ɗaya da 'yan kai. Ga ɗan Adam adadi ne mai firgitarwa, ga kwamfuta aikin kwana ɗaya da yini ne. A 2020 wani mai shirya manhaja, John Cantrell, ya san kalma 8 na wani walat da aka sa gasa a kansa, ya yi hayar na'urori, ya gano sauran huɗun cikin awa 30, ya kwashe Bitcoin ɗaya. Ke nan ba sai amintaccenka ya ci amana ba. Ya isa katin ya faɗa hannun wanda ya san darajarsa a shingen bincike ko a gidan da aka wawashe. Da kalmominka 24 ne da maganar ta yi sauƙi, domin takwas za su rage, kuma wannan ya fi ƙarfin na'urorin yau. Naka dai 12 ne.

Tsarin Shamir daban yake tun daga tushe. Adi Shamir ne ya wallafa shi a 1979, George Blakley ma ya fito da irinsa a shekarar ta wata hanya. Ka tuna magini idan zai fitar da layin gini. Turke ɗaya ya kafa, igiya na iya fuskantar ko'ina, gabas ko kudu, ba mai iya cewa ga inda za ta taɓa katanga. Da ya kafa na biyu, layi ya tsaya, wurin da zai taɓa katanga ya zama guda ɗaya tak. Wannan wurin shi ne sirrinka, turakun su ne kason da kake rabawa. Mai turke ɗaya bai san rabin sirri ba, bai san kwata ba, daidai yake da wanda bai taɓa jin labarinka ba. Ko duk kwamfutocin duniya ya tara, babu abin da za su yi masa, domin kowace amsa tana iya zama daidai. Nan ne rabon hannu ba ya ko kusa.

A aikace, kamfanin SatoshiLabs ya tsara shi da suna SLIP-39, ya sa shi cikin Trezor, ƙaramar na'urarsa ta adana walat, a 2019. Kowane kaso kalma 20 ne ko 33, ana iya yin har kaso 16, kai ne kuma ke zaɓar adadin da za su haɗu kafin a buɗe.

Yana da nasa nauyi, ba zan ɓoye maka ba. Sai ka samo na'urar, abin da ba ya da sauƙi a Gadarif yanzu, kuma ta hannun wanda ka yarda da shi, a rufe cikin kwalinta. Kalmominka na yanzu ba sa rikiɗewa su zama kaso. Sabon walat za ka buɗe, ka tura kuɗin can, ka biya ladan turawa. Ba kowace manhaja ce ke karanta irin waɗannan kalmomi ba, don haka dole magadanka su san sunan tsarin. Ranar haɗawa kuma, sirrin yana dawowa cikakke a wuri guda. Duk shafin intanet da ya ce ka rubuta masa kasonka zai haɗa maka, ka guje shi kamar wuta.

Akwai inda hanyoyin biyu suke kunnen doki: idan mutum biyu suka haɗa baki, kuɗi sun tafi, idan kati biyu suka salwanta tare, sun tafi. Wannan na biyun ya fi tsorata ni. Mun ga unguwa guda ta watse cikin dare ɗaya. Idan ka ba matarka, ƙaninka da maƙwabcinka, duk a layi ɗaya kuke, to a gaskiya ba ka raba komai ba. Ni da zan ba ka shawara, ɗaya ya zauna a hannunka, ɗaya wurin wani dattijo na dangi a Kassala ko Bur Sudan, na uku ya tsallake teku, wurin 'yan'uwanmu na Jidda ko Makka. A kai shi hannu da hannu ta wanda zai hau jirgin ruwa daga Sawakin, a cikin ambulan a rufe. Kada a ɗauki hotonsa, kada a tura ta WhatsApp.

Ka rubuta wasiyya, ka faɗi su wa ke riƙe da kason da kuma guda nawa ake buƙata, ba tare da kalma ko ɗaya daga cikinsu ba. Dukiyar gado ce idan ta Allah ta kasance, haƙƙin marayu ne.

Zaɓina Shamir ne, biyu cikin uku. Kafin na'urar ta iso, kada ka yanka kalmomin nan 12. Ka bar takardar yadda take. Idan ta iso, ka fara tura abin da bai wuce dala biyar ba, ka goge na'urar, ka dawo da walat ɗin da kaso biyu, ka sake gwadawa da wasu biyun. Sai ka ga kuɗin sun bayyana duk sau biyun, sannan ka tura sauran.