Mazaunin tankin kifi: katako, ƙarfe ko bulo?

Ɗan'uwa, ka ce tankinka na gilashi tsawonsa santimita 120 ne, faɗi 45, tsayi 50, kana tambaya ko kafinta za ka ba aikin mazauninsa ko mai walda.

Mu fara da nauyi, don shi zai raba gardamar. Wannan awon yana cin lita 270, kuma kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Gilashi mai kaurin milimita 10 a wannan girman ya kai kilo 55 shi kaɗai. Ka ƙara tsakuwa da duwatsun ado, ka doshi kilo 350, wato buhun siminti bakwai, kuma za su zauna a kai dare da rana shekara da shekaru. Teburin falo ba zai iya ba.

Katako yana ɗauka, amma sai an haɗa shi yadda ya kamata. Inda kafintoci da yawa ke kuskure shi ne su kafe firam ɗin sama a gefen ƙafafu da ƙusa, sai nauyin duka ya rataya a kan ƙusoshi. Ka ce masa firam ya hau kan ƙafa kai tsaye, katako bisa katako har ƙasa, aikin ƙusa da gam kawai su hana gocewa. Ya yi amfani da katako mai inci 2 da 4, ya rufe baya da gefuna da falanki mai kauri, domin shi ke hana mazauni karkacewa idan yaro ya jingina. Babbar matsalar katako a wajenmu ita ce yawancin na kasuwa bai gama bushewa ba. Ya kumbura da damina, ya ƙanƙance da hunturu, ya murɗe. Murɗewar 'yan milimita ta isa ta matsa wa gam ɗin da ya riƙe gilashi har ya fara yoyo. Ga kuma gara. Allon nan na garin katako da ake yin kabad da shi kuwa, kada ma a kawo maganarsa, ruwa na taɓa shi ya kumbura ya ruguje.

Ƙarfe ba ruwansa da damina ko gara. Bututu mai kusurwa huɗu, milimita 40 kowane gefe, kaurin jikinsa milimita 2, ya wadatar, kuma ƙasan yana barin fili don matatar ruwa da injin iska. Nasa aibin biyu ne. Zafin walda yana jan ƙarfe ya karkace, don haka kafin ka biya, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu, dole su zo daidai, sannan ka ɗora shi a daɓen da ya daidaita ka ga ko yana rawa. Na biyu tsatsa: a toshe bakin kowane bututu, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa kafin fentin mai. A kuma liƙa faffaɗan ƙarfe a ƙarƙashin kowace ƙafa, in ba haka ba tayil zai iya tsagewa.

Akwai na uku da ba ka ambata ba, bulo mai inci 9 da katako mai kauri a sama. Ba shi da kyan gani sai an yi masa filasta, kuma ba ya matsawa, amma in gidanka ne kuma a ƙasa kake, ƙarfinsa ba magana.

Ni dai a wannan girman ƙarfe zan zaɓa, musamman ga ɗan haya, sai dai in kana da kafintan da ka yarda da busasshen katakonsa. Ko wanne ka yi, ka shimfiɗa falanki mai milimita 18 a sama, da farin soson nan na cikin kwalin kayan lantarki in tankin ba shi da firam na roba a gindi. Ka ari ma'aunin magini ka daidaita shi tun babu ruwa, ka sake dubawa idan ya kai rabi. In a bene kake, ka jingina shi da bango, kada ka ajiye shi a tsakiyar ɗaki.