Kunnuwan canja giya da aka ƙera min a Garwa: bayan wata huɗu

Gangaren dutsen nan da ke kan hanyar Ngaundere zuwa Garwa shi ya sa na sa aka ƙera min kunnuwa biyu a bayan sitiyari, don in riƙa canja giya da yatsa ba tare da na saki sitiyarin ba. Duk wanda ya taɓa saukowa da mota otomatik cike da kaya ya san yadda birki ke fara wari tun ba a kai garin Mbe ba. Motata Camry ce ta 2010 mai giya shida. Tana da gurbin S inda ake tura sandar giya gaba ko baya, sai dai sakin sitiyari da hannu ɗaya a waɗancan kwanoni, ga tirela a gaba, ba ya min daɗi.

Wani mai wayarin a unguwar Yelwa ta Garwa na kai wa. Bayaninsa ya gamsar da ni: a gurbin S sandar ba ta taɓa giya da kanta, makunni biyu take dannawa, su kuma su sanar da kwamfutar mota. To idan aka jawo wayoyinsu zuwa bayan sitiyari, an gama. Ya yanko falankin alminiyam biyu kamar kunnen zomo, ya goge bakinsu da magagari, ya ɗora kowanne kan makunnin da ya ciro daga ƙofar tsohuwar na'urar ɗumama abinci. Dama ƙari, hagu ragi.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai yi gaggawa da jakar iskar da ke cikin sitiyari ba, wadda ke tashi idan an yi haɗari. Ya cire kan batir, ya zauna ya sha shayi. Da na yi ƙorafi sai ya ce, "Alhaji, wannan abin idan ya tashi a fuskata, ba ni ba wayarin har abada." Wayoyin ma bai naɗe su a jikin sitiyari ba, ta cikin faifan nan mai naɗaɗɗiyar waya da ke kai wuta ga oda ya bi da su, bayan ya auna ya samu layukan da babu komai a kansu. Sefa dubu 25 na biya, yini guda.

A gangaren kunnuwan sun biya kuɗinsu. Yatsa biyu, na sauko giya ta 3, wani wurin 2, inji ya riƙe motar, ƙafata ta huta. Amma kada wani ya ɗauka motarsa za ta koma ta tsere. A wannan Toyota lambar da ke fitowa iyaka ce kawai: ka sa 4, ita ke zaɓa tsakanin 1 da 4. Idan gudu ya yi yawa ka nemi ragi, ƙara za ta yi sau biyu ta ƙi. Kuma sai sandar giya tana S kunnuwan suke aiki, a D ado ne.

Inda ya gaza shi ne gam. Da gam ya manne na hagu, zafin Afrilu kuwa ba ya barin gam a motar da ta yini a rana. Ina kan gadar Binuwai kunnen ya faɗo min a cinya. Na koma, ya ɗaure duka biyun da ƙananan kusoshi bai karɓi ko dala ba, abin da ya kamata ya yi tun farko. Yanzu saura ƙura: na dama wani lokaci sai na danna sau biyu kafin ya ji, kuma tun yanzu ina tunanin yadda zai yi da hunturu.