Ƙaramin rediyon da na haɗa don koyon Mos

Wata huɗu ke nan da na karɓi wannan ɗan rediyon da ke zuwa a warwatse cikin leda, mutum ya zauna ya haɗa abinsa da dalma. Duk mai sha'awar harkar Mos, wato aika haruffa ta rediyo da gajeru da dogayen ƙara, ya san irinsa: kiristal guda ɗaya da ke tsayar da shi a kan megahaz 7.023, ƙarfin da bai kai wat ɗaya ba, batir mai bolt 9, sai ramin iyafis da na madannin da ake buga Mos da shi. Manyan rediyoyin nan masu allo sun fi ƙarfin aljihuna, ni kuma burina ɗaya ne, in ji haruffan Mos suna fitowa daga hannun mutum mai rai, ba daga kwamfuta ba.

Kafin ya iso na yi wata biyu ina bin tsarin Koch a shafin LCWO na koyon Mos a intanet, inda ake fara wa mutum da K da M kawai, amma da cikakken sauri, ba a ƙara masa harafi sai ya kama kashi 90 cikin 100. Wani abokina ya tambaye ni amfanin wannan wahala, tunda ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta cire sharaɗin iya Mos daga ƙa'idar lasisin masu aika saƙo ta rediyo don sha'awa tun 2003. Na rasa amsar da zan ba shi a lokacin.

Haɗawar ta ci mini yamma ɗaya. Na shimfiɗa eriya, waya mai tsawon mita 20 da na raba gida biyu, na sa iyafis. Kwana shida ba abin da nake ji sai shuuu da muryoyin manyan tashoshin watsa labarai da ke zaune sama da megahaz 7.2, waɗanda da dare ya yi sai su kutso ciki su danne komai. Har na fara neman inda zan ajiye shi.

A dare na bakwai, wajen ƙarfe ɗaya, tashoshin suka ɗan lafa. Can ƙasa-ƙasa sai na ji wani siririn fito yana tsinkewa yana dawowa. Na danne iyafis ɗin da tafin hannuna, na daina motsi. Da-di-da-dit, da-da-di-da. CQ ne! Wani bawan Allah yana neman wanda zai amsa masa, kuma a hankali yake bugawa, kamar ya san akwai ɗan koyo a gefe. Na jawo fensir, hannuna na rawa, na rubuta C, Q, sai D da E, wato 'daga', sannan lambar kiransa da na kama rabinta a zagaye na farko, na cike sauran a na uku. Hannunsa ba irin na kwamfuta ba ne: yana jan doguwar ƙarar fiye da ninki uku na gajerar da aka koya mana, yana ɗan jinkiri kafin harafin ƙarshe. Da wani ya amsa masa, na bi hirarsu har na tsinci 73, gaisuwar ban kwanarsu. Wallahi takardar tana nan na adana, duk da gibin da ke cikinta. Da a daren nan aka ce in ba rediyon maki, da biyar cif zan ba shi ba tare da na yi tunani ba.

To amma da na koma ɓangaren aikawa sai raina ya ɓaci, kuma har yanzu in na tuna sai ya sosu. An tallata shi a matsayin na masu koyo, alhali ba ya jiyar da kai sautin abin da kake bugawa. Ka danna madanni, sai ƙas a kunne, shi ke nan. Ta yaya ɗan koyo zai gyara hannunsa bai ji kansa ba? Dole na haɗa wani ɗan abin fito daban da ƙwayar lantarki ta NE555, na saita shi wajen haz 600, sannan na fara sanin cewa tazarar da nake bari tsakanin haruffa ta yi gajarta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne 'yar takardar da aka haɗo da shi. Zanen waya ne kawai, babu ko layi ɗaya da ya gargaɗi mai saye kada ya danna madanni ba eriya. Tunda ban karɓi lasisi ba tukuna, ba ni da hurumin aikawa, sai na cire eriyar don kada saƙona ya fita, ina ganin na yi abin da ya dace. Ban yi minti biyar ina bugawa ba sai ga warin ƙuna, tiransistar ƙarshe ta yi zafin da ba ta taɓuwa. Daga baya na koyi cewa rizista mai om 50 ake sawa a gurbin eriyar ta shanye ƙarfin. Jimla ɗaya ce fa da za ta hana wannan asarar, mai sayarwar bai ga ya dace ya rubuta ta ba. Ga kuma rashin matacin sauti: in mutum uku suna bugawa kusa da juna, a tare za su zubo maka cikin kunne, ba kuma ka da halin matsawa gaba ko baya, domin kiristal ɗin ya ɗaure ka wuri ɗaya.

Don haka maki biyu da rabi na tsaya a kai. Wanda bai gama haruffansa ba kada ya fara da shi, zai karya masa gwiwa a banza. Na sauya tiransistar, na liƙa rizistar a bayan akwatin don kada in sake mantawa, yanzu sauraro kawai nake yi da shi bayan tsakar dare, ina tara kuɗin wanda ke da mataci da abin juya mita kafin ranar jarrabawar lasisi.